Gumin Kek

Shekara talatin da ɗaya ina yi wa kek ado a shago ɗaya, a kan teburi ɗaya, ba a taɓa cewa hannuna ya ɓata kayan kowa ba, sai wata Asabar da yaron da na goya a bayana ya tsaya a gaban ma'aikata bakwai ya ce ni na lalata kek ɗin amarya.

Yaron nan shi ne Manaja yanzu. Shagon na mahaifiyarsa ne, uwar ɗakina, Allah ya jiƙan ta. Ni da ita muka fara, da tanda ɗaya da kwano uku. Da ta rasu ya dawo daga karatu, ya canza allon ƙofa, ya ƙaƙaba mana hula irin ta ma'aikatan asibiti. Na sa hular na ci gaba da aikina. Sai ranar da ya shigo da wani akwati ya buɗe shi a kan teburina. A ciki akwai ɗan inji mai gurnani, da siririn tiyo, da wani ƙarfe kamar alƙalami mai ɗan kofi a kansa. Ya ce sunanta bindigar feshi, da ita ake fesa wa kek kala yanzu, buroshi ya zama tsohon yayi.

Na miƙa hannu zan taɓa, ya janye.

"Iya, wannan sai wanda zai iya karanta takardarta."

Ban yi makaranta ba, ko ƙofarta ban taka ba, kuma ya sani sarai. Ya ɗauko wata yarinya da ta yi kwas na wata shida ya ba ta teburina, ni kuma ya mayar da ni wurin wanke-wanke, wai don ƙafafuna su huta. Wanda yake wanke kwano a tsaye yake yi, amma ban tuna masa ba. Yarinyar muka sa mata suna 'Yar Kwas. Ba ta da rashin kunya, in za a faɗi gaskiya. Tsoro ne ya yi mata yawa.

Makulli dai yana hannuna, don haka na ci gaba da abin da na saba. Ƙarfe shida in buɗe ƙofa, in share, in fito da kek ɗin da suka kwana a ɗakin sanyi in jera su a kan dogon benci, in dafa shayina in sha kafin kowa ya iso. Ranar Juma'a da yamma Manaja ya ce in ba shi makullin, zai ba Mai Tanda, mai gasa mana kek. Ya ce mai wanke-wanke ba ta da aiki kafin ƙarfe goma. Na kwance shi daga bakin zanena na ajiye masa a kan teburi, ban sa masa a hannu ba. A cikin kayan wankin ranar har da bindigar, 'Yar Kwas ta bar ta a gefen famfo. Na ɗauraye ta da ruwan ɗumi, na goge, na mayar akwatinta.

Washegari da na iso, tun daga titi nake jin muryar uwar amarya. Kek ne hawa uku, an lulluɓe shi da farar rigar sukari, an so a fesa masa shuɗi daga ƙasa ya yi ta haske har ya zama fari a sama. Abin da na tarar kuwa, kamar mace ta sha kwalli ta yi kuka. Shuɗin ya gangaro layi-layi ya taru a faranti. 'Yar Kwas tana tsaye tana hawaye.

Manaja ya juyo. "Iya, ke kika wanke bindigar nan jiya?"

"Ni na wanke."

"To kin bar ruwa da sabulu a ciki. Kin kashe ta, kin kashe mana kek." Ya dubi uwar amarya ya ce, "Ki yi haƙuri, tsohuwar da take mana wanke-wanke ce ta taɓa abin da ba ta sani ba."

Tsohuwar da take mana wanke-wanke. Ni da na yi kek ɗin sunansa.

Ya jefa bindigar a leda ya turo mini. Ya ce tunda na kashe ta in tafi da gawar, in zauna a gida sai an neme ni. Na haɗa har injin da tiyon da kwalaben kala huɗu na zuba a jakata, ina kallon idonsa. Babu wanda ya motsa. Mai Tanda, wanda muka yi shekara ashirin tare, ya sunkuyar da kai yana goge tiren da ya riga ya bushe.

Kwana uku ban ci abincin kirki ba. 'Yata, wadda nake zaune tare da ita, ta ce in bar su da Allah, ai dama lokacin hutuna ya yi.

"Ba aikin nake kuka ba," na ce mata. "Sunana ya ɓata a gaban mutane, a gaban mutane zai gyara shi. In ya so daga nan in mutu."

"Mama, kullum sai kin sa mutuwa a magana."

"To in rayu. Amma sai ya faɗa da bakinsa."

Bayan katangar gidanmu akwai gareji, na wani mai fentin mota. Sau huɗu ina kai ƙararsa wurin mai gida saboda wari da ƙara, har ya sa mini suna Lauya. A rana ta huɗu ina zaune a tsakar gida sai na ji wannan hucin na bindigarsa, fss, fss, wanda na shekara shida ina zagi. Sai na ji kamar an taɓa ni. Hucin nan shi ne na abin da ke cikin jakata, babba ne kawai da ƙarami.

Na yafa mayafi na zagaya. Yana durƙushe a gefen wata mota, ya ga ƙafafuna ya ɗago.

"Lauya, yau kuma wace shari'a? Ban ma kunna inji sosai ba."

"Ba faɗa na zo ba, Sarkin Wari. Duba mini wannan."

Ya leƙa jakar ya yi dariya har da riƙe ciki. "Wannan ai jikar tawa ce. A ina kika samo jaririya?"

Na ba shi labari a tsaye, ban rage komai ba. Da na kai wurin tsohuwa mai wanke-wanke sai dariyar ta ɗauke. Ya tashi ya je famfo ya wanke hannu da sabulu sau uku, har da goge ƙarƙashin farce. Ya ce kada in ajiye jakar a garejinsa, abin da zai taɓa abinci ba ya zama kusa da fenti da tina, ruwan sirka fenti. Muka koma ƙofar gidanmu, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan benci, ya warware bindigar gunduwa-gunduwa. Ya zaro wata doguwar allura daga cikinta ya ɗaga ta a rana yana juyawa.

"Lafiyarta lau. Ko lanƙwasa babu. Wanda ya wanke ta ya iya wanki."

"Ya ce na bar ruwa a ciki."

"In ma kin bari, a hucin farko zai fita. Ɗigo biyu ne. Ɗigo biyu ba ya sa kek hawa uku kuka." Ya mayar da allurar a hankali. "Wani abu ne daban, amma ban san kek ba. Ƙarfe na sani."

"To koya mini ita."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Ke da kika ce a kore ni daga unguwa?"

"Har yanzu ban janye ba. Koya mini."

Haka muka fara, kullum lokacin hutunsa na rana. Ya samo babban kwali ya yanke gefe ɗaya, ya ce a cikinsa zan riƙa feshi, in ba haka ba har labulen 'yata sai ya zama shuɗi. Ya nuna mini ɗan maɓallin da ke saman bindigar. In ka danna shi ƙasa iska ce take fita, in ka ja shi baya kala ta biyo. Iska za a fara saki, iska za a ƙare da ita. Kala ɗigo biyar a kofi ta isa, ba a cika shi.

Ranar farko na danna na ja gaba ɗaya da ƙarfina. Wani baƙin tabo ya fito a takarda, ya yi ƙafafu kamar gizo-gizo.

"Lauya, ba wuyan mai gida kika kama ba. Sassauta."

Matsalata ke nan, kuma ya gano ta kafin ni. Shekara talatin ina matsa furen kirim daga leda, hannuna ya saba da matsi da kusantar kek har numfashina yana taɓa shi. Wannan kuwa ba ta son kusanci. Sai ka ja baya kamar tsawon tafin hannu, ka motsa daga kafaɗa, wuyan hannu a tsaye. Ka fara feshi a waje kafin ka shigo kan abin, ka fita waje kafin ka saki. Kuma ba a neman kalar a tashi ɗaya. Shafa ɗaya siririya, kamar ba ka yi komai ba, ka jira ta sha iska, ka ƙara.

"Ban ga komai ba," na ce masa.

"Haka ake so. In kin gani a zagayen farko, kin yi yawa."

"Aikin munafukai ke nan."

"Aikin masu haƙuri. Shi ya sa yake ba ki wuya."

Na fesa tsofaffin jaridu, na fesa kwalaye, na fesa farantan 'yata farare na wanke na sake fesawa. Na yi ɗigo, na yi layi, na yi daga duhu zuwa haske. Ranar uku na fyace hanci na ga shuɗi, na ɗauka ajalina ne ya zo. Mai Fenti ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, washegari ya kawo mini sabon takunkumi a cikin ledarsa ya ajiye a benci. Ya koya mini in fara da kala mai haske kafin mai duhu, in kuma fesa ruwa zalla tsakaninsu har sai ya fito fari tas. In bindigar ta fara tofi, in duba bakin allura, kala ce ta bushe a wurin. Mutumin nan abincinsa yana hucewa a kwano yana tsaye a kaina. Sau ɗaya na ce masa me zan ba shi. Ya ce in bar shi ya yi sati ɗaya ba a kira shi wurin mai gida ba.

Da sati biyu suka cika na gasa ƙananan kek guda biyu, na lulluɓe su da rigar sukari, na sa a firij saboda tururuwa. Da sassafe na fito da ɗaya na ajiye a kan teburi, na shiga shara da shayina. Da rana na fesa masa shuɗi a gaban malamina. Ya fito sumul, duhu a ƙasa, fari a sama, kamar sararin sama bayan ruwa. Mai Fenti ya zagaya shi sau biyu ya ce ba laifi. A bakinsa wannan babban yabo ne.

Amma ni raina bai yi fari ba. Na nuna bindigar lafiyarta lau, to sai me? Manaja zai ce gyara ta aka yi. Ban san abin da ya sa kek ɗin amarya ya yi kuka ba, kuma muddin ban sani ba laifin yana wuyana.

Washegari aka wayi gari da yayyafi. Wajen ƙarfe tara na zagaya gareji in mayar masa da wani ɗan buroshi da ya ara mini, na tarar yana cacar baki da wani direban tasi. Direban yana so a fesa masa ƙofa yanzu-yanzu, fasinja suna jiransa. Mai Fenti ya ja yatsa a jikin ƙofar ya nuna masa.

"Ka gani? Ƙarfen ya kwana a sanyi, yana gumi. In na fesa a kan wannan, fentin ba zai kama ba, zubowa zai yi kamar hawaye. Ka bari rana ta taɓa shi."

Buroshin ya faɗi daga hannuna.

"Me ka ce yana yi?"

"Gumi, Lauya. Ko shi ma za ki kai ƙararsa?"

Na koma gida da sauri irin wanda na manta ina da shi, na fito da kek na biyu daga firij na ajiye, na ja kujera na zauna ina kallonsa. Ba a yi minti biyar ba ya fara sheƙi. Na taɓa da bayan yatsa, danshi. Na kunna inji na fesa masa yadda aka koya mini, siririya, daga nesa, babu kuskure ko ɗaya. Shuɗin ya tsaya ɗigo-ɗigo, ya haɗu, ya gangaro layi-layi ya taru a faranti.

Na daɗe a zaune. Abin nan na san shi tun kafin a haifi 'Yar Kwas. Uwar ɗakina ce ta ce mini, tun muna da firij ɗaya, kek in ya fito daga sanyi a bar shi ya yi guminsa ya bushe kafin a sa masa hannu. Shi ya sa nake fito da su ƙarfe shida. Na yi ta yi har na manta dalili, ya zama kamar shara da shayi. Babu wanda ya taɓa ganin ina yi, don duk suna barci a lokacin. Su dai suna zuwa su tarar da kek a bushe a kan benci, suna tsammani haka Allah ya halicce shi. Ranar da aka karɓe makulli, Mai Tanda ya buɗe shago ya wuce wurin tandarsa, kek ɗin amarya yana ɗakin sanyi har lokacin da aka zo fesa shi.

Kuma akwai nawa a ciki, ba zan ɓoye ba. Ranar Juma'ar nan, da na ajiye makulli, na tuna da kek ɗin. Maganar ta zo har bakina. Sai na ce a raina, ai masu takarda ne, su karanta. Ban san zai kai haka ba, amma na haɗiye maganar da gangan.

Da Mai Fenti ya zo da rana na nuna masa kek biyun a jere. Ya duba wannan, ya duba wancan.

"To, Lauya, kin samu shaidu. Yaushe za mu kotu?"

"Za mu? Wa ya gayyace ka?"

"Wa zai ɗaukar miki inji? Kuma ina so in ga yaron nan."

Asabar muka je, ƙarfe tara, lokacin da na san kowa yana nan. Na gasa sabon kek na lulluɓe, ya sha iskarsa tun asuba. Mai Fenti ya sa wankakkiyar riga, amma duk da haka ya tsaya daga bakin ƙofa, ya ce ba ya shiga inda ake abinci da takalmin gareji. Manaja ya fito daga ofis yana riƙe da waya.

"Iya, ai na ce za a neme ki. Wannan kuma wane ne?"

"Malamina ne. Kira mini kowa. Mutum bakwai ne ranar nan, bakwai nake so."

"Muna da aiki, Iya."

"Ranar ma kuna da aiki, ka samu lokacin zagina."

Ba sai da ya kira su ba, sun riga sun taru. Na ajiye kwalina a kan teburina na dā, na haɗa tiyo, na ɗiga kala. Na ce wa Mai Tanda ya shiga ɗakin sanyi ya ɗauko mini kowane kek mai rigar sukari da ya kwana a ciki. Ya dubi Manaja, ya dube ni, ya tafi ya ɗauko. Na jera shi kusa da nawa.

"Bindigar da na kashe ce wannan. Ba a canza mata ko allura ba. Ku duba da kyau."

Na sa takunkumi. Hannuna bai yi rawa ba, na gode wa Allah da jaridun da na ɓata. Na fesa nawa, zagaye uku, ina jira tsakani. Babu mai tari. Shuɗi ya hau ya zauna. Kafin nan ɗayan ya fara sheƙi. Na juya kansa na yi masa daidai abin da na yi wa na farko. Kafin in sauke hannu ya fara hawaye.

"Bindiga ɗaya, kala ɗaya, hannu ɗaya," na ce. "Wannan ya sha iska, wannan daga sanyi yake. Shekara talatin ina fito muku da kek ƙarfe shida don ya yi guminsa ya bushe. Ka karɓe makulli ranar Juma'a, ranar Asabar kek ya yi kuka. Sabulu ne?"

Sai ga 'Yar Kwas ta juya ta shige ofis ba tare da neman izini ba. Ta fito da takardar bindigar, har yanzu a naɗe cikin ledarta, ko buɗewa ba a yi ba. Ta yage ledar, ta bi layi da yatsa, ta tsaya.

"Ga shi nan," ta ce. "An ce kada a fesa a kan kek mai sanyi ko mai danshi, a bari ya bushe tukuna." Ta ɗago. "Iya, na ga yana sheƙi ranar. Na so in jira, aka ce motar ɗaukar kek tana waje. Da aka ɗora miki kuma na ji tsoro na yi shiru. Ki yafe mini."

Daga bakin ƙofa Mai Fenti ya ce, "Ashe takardar ma sai an buɗe take aiki."

Wani ya yi dariya ya mayar da ita tari. Manaja ya shafa ƙeya.

"To, shi ke nan, an yi kuskure. A bar maganar."

"Wa ya yi?"

"Iya, don Allah."

"A nan ka tsaya, a kan wannan tayil ɗin da ya fashe. Da wannan bakin ka faɗa. Ban zo neman aiki ba, ban zo neman komai naka ba. Abin da ka ɗauka a gaban mutanen nan shi za ka mayar."

Na ga kunnuwansa suna motsi, yadda suke yi tun yana yaro in an kama shi da hannu a cikin sukari. Sannan ya sauke wayar daga hannunsa ya ajiye.

"Ba Iya ce ta lalata kek ɗin ba. Ni na sa a fesa shi daga sanyi, kuma ni na ɗora mata. Iya, ki yi haƙuri."

"Saura mutum ɗaya. Uwar amarya."

"Ita ma?"

"Ita ce ta tafi da sunana waje."

Ya kira ta, na ce ya buɗe murya kowa ya ji. Ya faɗa mata, yana tuntuɓe da harshe, amma ya faɗa. Matar ta ce ita dai an riga an ɓata mata biki, amma a gaishe da tsohuwar. Na matsa kusa da wayar na ce mata tsohuwar tana amsawa, kuma mai ado ce, ba mai wanke-wanke ba, ko da yake wanke-wanken ma ta iya.

Ya kashe wayar. Mai Tanda ya turo mini kujera, bai iya haɗa ido da ni ba. Ya zaro makullin daga aljihu ya ajiye a cinyata. Manaja ya gani bai hana ba.

Tunda an biya ni, sai na biya nawa. Na ce musu ranar Juma'a na tuna da kek ɗin na ƙi faɗa, don haushi. Na ce wa 'Yar Kwas rabin hawayen da ta yi ranar ni na jawo mata. Ta ce ba komai. Na ce da komai, kada ta koyi cewa ba komai tun tana yarinya.

Teburin yanzu mu biyu ne a kansa, ni da 'Yar Kwas. Ita take karanta mini abin da ke jikin kwalabe, ita ta nuna mini yadda ake ɗora takarda mai huda a fesa fure ya fito. Ni kuma na koya mata taɓa kek da bayan yatsa, da yadda ake ce wa Manaja ya jira. Wannan na biyun ya fi ba ta wuya, amma tana kamawa. Wanke-wanke kowa yana wanke abin da ya ɓata.

Asabar ta gaba na yi wani kek a gida, dogo mai kusurwa huɗu. Akwai wata tsohuwar mota koriya a bayan garejin, ta mahaifin Mai Fenti ce, ya ce wata rana zai tashe ta. Na haɗa shuɗi da rawaya ɗigo-ɗigo har na samu korenta, na fesa zagaye biyar. Na kai masa da rana a kan tire, na tsaya daga bakin gareji don kada warinsa ya shiga.

Ya wanke hannu ya fito. Bai ce na gode ba. Ya durƙusa, ya rufe ido ɗaya, ya bi gefen kek ɗin da kallo kamar yadda yake bin jikin mota.

"A nan kin tsaya," ya ce, yana nuna wata kusurwa. "Hannunki ya yi nauyi."

Na duba. Da gaske ne, wurin ya ɗan fi duhu.

"Atishawa ce ta kama ni. Warinka ne ya biyo iska."

"To a kai ƙara."

"Na je wurin mai gida jiya," na ce. "Na ce masa takardun nan huɗu da na sa aka rubuta a kanka ya yaga su."

Ya ɗago ya dube ni. Sai ya zaro wuƙa daga aljihu, na buge masa hannu, na miƙa masa tawa mai tsabta. Ya yanka daidai kusurwar da ta yi duhu ya fara cinye ta, wai don kada wani ya ga aikin ɗalibarsa da aibi.